Tambaya ga tsofaffin kanikawa: wace raceti ce ta girmi wata?

Assalamu alaikum, iyayen gidana kanikawa. Ina tara tsofaffin sufanu, kuma akwai raceti uku (sufana mai haƙora a ka da ke juya noti ba sai an cire ta ba) ƙirar Craftsman, masu bakin rabin inci, da na tsinto cikin kayan gwanjo a kasuwar Sabon Gari. Jera su bisa shekaru ya gagare ni.

Ta farko tana da harafin V tsakanin layuka bibbiyu a mariƙi, alamar da kamfanin Moore Drop Forging na Amurka ya riƙa bugawa a da. Ba ta da maɓallin sakin soket (ƙoƙon da ke kama noti), sai ƙaramin ramin zuba mai a ka. Sauran biyun V ɗinsu layi ɗaiɗai ne, kuma suna da maɓallin, wanda ya fito a shekarun 1960. To amma ɗan ƙarfen juya akalarsu ya bambanta, ɗaya dogo siriri, ɗayan gajere mai faɗi. Nan na maƙale.

Wani dattijo a Tudun Wada ya ce an taɓa canja wa mai gajeren ƙarfen kayan ciki. Ban gamsu ba, domin ƙarfen ya ci daidai da jikinta.

Don Allah, ramin man ne ke nuna zamani ko ɗan ƙarfen? Kuma haƙoran wata za su zauna a cikin wata? Ina tsoron kwancewa zoben da ke riƙe da kayan cikin ya karye.