Dangin mijina sun ce ina ji da kai, ni kuwa hayaniya ce ke gajiyar da ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Ni amarya ce, a gidan yawa muke zaune da surukata da facalolina. Tun ina yarinya ni mai shiru-shiru ce. Ba ƙin mutane nake yi ba, amma in na wuni a taron suna ko biki, da na dawo sai in ji jikina duk ya mutu, sai na kulle ɗaki na kwanta kafin hankalina ya dawo. Yanzu ƙannen maigida suna cewa wai ban ɗauke su a bakin komai ba. Ga kuma kaina kullum a cike: cefane, zubin adashe, ɗinkin mutane da na karɓa. Sai in sauke miya ban sa gishiri ba. Ciwo ne wannan ko hali? Ku ba ni shawara.

Wata uwa: Wa alaikumus salam 'yata. Shiru ba laifi ba ne, amma gaisuwa dole ce. Kullum da safe ki shiga wurin surukarki ki durƙusa ki gaishe ta, ki tambayi ƙafarta ko hawan jininta, ki ɗan zauna. In biki ne ki je da wuri ki kama yankan albasa ko wanke-wanke. Wadda hannunta ke cikin aiki ba mai tuhumarta da rashin hira. Kafin magariba ki yi sallama ki tafi, kin fita haƙƙinsu.

Wata 'yar uwa: Ni dai a gafarce ni, wasu fakewa suke da "halina ne" suna yanke zumunci. Gidan yawa ba a zamansa da ƙofa a rufe.

Wani malamin ilimin halayyar ɗan'adam: 'Yar uwa, abin da kika faɗa sananne ne. Tun 1921 likitan nan ɗan Suwizalan, Carl Jung, ya yi bayanin mutanen da hankalinsu ya fi karkata ga abin da ke cikin ransu, da waɗanda nasu ke karkata ga jama'a. Yawancin mutane a tsakiya suke, ke dai kin fi kusa da ɓangaren farko. Ba ciwo ba ne, ba kuma girman kai ba. Amma ki duba kanki: in kina son shiga mutane sai gabanki ya riƙa faɗuwa, gumi ya karyo miki don tsoron abin da za a ce, wannan fargaba ce, kuma ana maganinta. In kuma barci da cin abinci sun lalace, abin da kike jin daɗinsa a da ya fita ranki har mako 2 ko fiye, to ki ga likita.

Batun mantuwa kuwa, ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe abubuwa da yawa a lokaci guda. Wani masani ɗan Amurka, Nelson Cowan, a 2001, ya ce kusan guda 4 ne. Ke kin ɗora mata ɗinki da adashe da cefane, ga maganar ƙannen miji tana ta juyawa a ciki. Ki sayi ƙaramin littafi. Bayan isha'i ki zube duk abin da ke kanki a takarda, ki ja layi ƙarƙashin uku da za ki yi gobe. Ɗinki kuma kowanne da sunan mai shi da ranar karɓa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Tsoro kam ba na ji, gajiya ce kawai. To in zaunar da ƙannen nasa in yi musu bayani?

Wata uwa: A'a, kar ki fara, za su ce kin tara su ne ki yi musu fitsara. Ki gaya wa maigidanki, shi ya shaida wa mahaifiyarsa cikin hira. Su kuma ki riƙa kiran su ɗaya-ɗaya ɗakinki, ku sha shayi ko ki rage wa wata tsawon riga. Irinku kun fi sakin jiki da mutum ɗaya.