Wace kalma za mu sa wa "trespass" a Hausa?

'Yar jarida: Assalamu alaikum. Ina neman a daidaita mana kalma ɗaya. A rahotannin kotu, wata jarida ta rubuta "kutse", wata "shiga ba izini", wata "ƙetare iyaka", duk a kan laifi guda, wanda Turawa ke kira trespass. Masana, wacce za mu riƙe?

Lauya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin a zaɓi kalma, a duba abin da doka ta ce. Final Kod ta Arewa, wato dokar hukunta laifuka, wadda ta fara aiki a 1960, an ɗauko ta daga ta Sudan, ita kuma daga ta Indiya ta 1860. Sashe na 342 ya ce laifin yana tabbata idan mutum ya shiga wurin da ke hannun wani da nufin aikata laifi, ko tsoratar da mai wurin, ko cin mutuncinsa, ko ɓata masa rai. Haka wanda ya shiga da izini amma ya ƙi fita da irin wannan nufi. Sashe na 348 ne ya tanadi hukunci: ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko tara, ko duka biyun. Shiga kaɗai ba ta isa laifi ba, sai da nufi. Shi ya sa ba na goyon bayan "shiga ba izini", domin ta bar rabin ma'anar a waje. A kuma lura, jihohi irin su Kaduna sun sake nasu kundin a 2017, lambobin sassa sun canza.

Tafintan kotu: Barista ya taɓa inda ke ciwo. Ga yadda abin ke lalacewa. 'Yan sanda su kawo mutum gaban majistare da takardar tuhuma da Turanci. A ce a karanta masa da Hausa. Idan tafinta ya ce, "Ana tuhumarka da shiga gonar wane ba izini, gaskiya ne?" mutumin kirki zai ce gaskiya ne, tunda ya shiga ɗin, ƙila akuyarsa ya bi. Alƙali ya rubuta cewa ya amsa laifi, a yanke hukunci nan take ba tare da an kira shaida ko ɗaya ba. Alhali bai amsa nufin komai ba, ba a ma tambaye shi ba. Dole kalmar da za a zaɓa ta ɗauko nufin a bakinta.

Malamin fiƙihu: Ni da na so "keta hurumi". Hurumi kalma ce tamu mai nauyi, kuma ta dace da aya ta 27 da 28 ta Suratun Nur, inda aka hana shiga gidan wani sai an nemi izini an yi sallama, in aka ce koma a koma. Amma kada a kawo "ƙwace". Abin da littattafan fiƙihu ke kira gasabu, wato mallake kayan wani da ƙarfi, babi ne daban.

Lauya: Allah ya gafarta Malam, "keta hurumi" tana da wurinta, sai dai ba a nan ba. Kalmar Turancin tana da fuska biyu. Akwai ƙarar da mutum ke shigarwa da kansa yana neman diyya ko umarnin kotu na hana wani sake shiga filinsa. A can ba a tambayar nufi, taka filin ya wadatar, kuma ba a ɗaure kowa. Wannan ita ce "keta hurumi". Ta laifi kuwa sai mu nemo mata wata.

Wani abu da ke rikita masu rahoto: doka tana kare wanda wurin ke hannunsa ne, ba lalle mai mallaka ba. Mai gida zai iya faɗawa laifin a kan ɗan hayarsa idan ya kutsa ɗaki don ya razana shi ya tashi. Don haka a daina rubuta "gidan da ba nasa ba". A rubuta "gidan da ke hannun wani".

Mai gabatar da ƙara: To ni ina kan "kutse". Kowa ya ji "ya kutsa" ya san ba a yi maraba da shi ba. Na san an ba masu satar shiga kwamfuta wannan kalma, amma ba ya hana, asalinta na ƙafa ne. A ƙara mata "da mugun nufi" a wajen karanta tuhuma. Kuma tana haihuwa, abin da sauran ba sa yi. Sashe na 343 kutsen gida, wanda ya haɗa da wurin ibada da wurin ajiyar kaya, kuma ko hannu mutum ya zura ta taga ya shiga. Na 344 kutsen gida a ɓoye, na 345 irinsa da dare, wato daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. Kowane mataki hukuncinsa ya fi na baya.

Tafintan kotu: Yallaɓai, na 346 fa? "Fasa gida" muke cewa, sai wanda ake tuhuma ya rantse bai fasa komai ba, katanga ya haura.

Mai gabatar da ƙara: Haura katanga na ciki, haka buɗe kwaɗo. A bar "fasa gida" tunda ta zauna, amma tafinta ya faɗi hanyar da aka bi ɗin da bakinsa.

'Yar jarida: Saura hukunci. Me za mu riƙa dubawa idan alƙali ya gama?

Lauya: Da wuya kutse ya zo shi kaɗai. Yawanci ana haɗa shi da sata, sashe na 287, ko ɓarna, sashe na 327, kamar inda shanu suka cinye shuka. Ki duba nawa aka yanke a kan kowace tuhuma, da ko wa'adin zai tafi tare ne ko bi da bi, don wata shida sau biyu na iya zama wata shida ko shekara. Ki duba ko an ba da zaɓin tara. Diyyar da ake ba wanda aka cuta ƙarƙashin sashe na 78 daban take da tara, tara ta gwamnati ce. Kutse kuma yana cikin laifukan da mai wurin zai iya sasantawa a rufe shari'a. Idan kuwa ya bayyana rikicin fili ne kowa na iƙirarin nasa ne da gaskiya, nufin laifi bai tabbata ba, sai a je a yi shari'ar mallaka.

'Yar jarida: Na gode. A kanun labari zan sa "kutse", a cikin labari "kutse da mugun nufi", ta diyya kuma "keta hurumi".

Tafintan kotu: Mu kuma a kotu a raba tambayar biyu: ka shiga? Sannan, ka shiga ne don ka yi kaza? Amsar ta biyu ce za a rubuta.