Ƙarin albashi ne zai raba ɗan sanda da na goro?

Malam Sani, Zango: Assalamu alaikum, jama'a. Jiya a wurin zaman makoki wani dattijo ya ce da gwamnati za ta ƙara wa ƴan sanda albashi, da karɓar na goro a shingayen hanya ya zama tarihi. Ni na goyi bayansa, domin mai biyan hayar gida a Damagaram, ga tiyar hatsi, ga kuɗin magani, kafin tsakiyar wata aljihunsa ya bushe.

Alhaji Mamman direba: Malam, da girmamawa, ban yarda ba. Shekara da shekaru ina bin hanyar Matamaye da ta Magariya, kuma ban taɓa ganin mai karɓa ya daina saboda an ƙara masa girma ba. Ban da haka, ba kowa ke tsaye a shinge ne ɗan sanda ba. Akwai jandarmomi, akwai ƴan duwan, wato kwastan, amma mu muke haɗa su duka cikin tukunya ɗaya.

Hajiya Rakiya, Birni: Ku yi haƙuri, yayyena, duk kun tsaya a kan albashi, alhali abin da ke hana ɗan sanda barci shi ne makomar iyalinsa idan ya faɗi. Ƙanena ya rasu yana bakin aiki, Allah ya jiƙansa, ya bar mata da yara huɗu. Kafin haƙƙinsu ya fito sai da muka yi ta jigilar takardu zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, kowane zuwa a ce saura sa hannu ɗaya, har kuɗin mota ya cinye tumakin matar. Abokan aikinsa duk sun ga wannan da idonsu. To, wanda ya ga haka, yaya za a yi ya ƙi tara wa ƴaƴansa tun yana raye, ta halal ko ta wata hanyar?

Alhaji Mamman: Allah ya gafarta masa, Hajiya. Amma jikar kuɗina da aka karɓa a shinge ba ta zama halal don mai karɓar yana tsoron mutuwa.

Baba Idi, tsohon ɗan sanda: Gaskiyarka, Alhaji, ban wanke kowa ba. Sai dai ku tuna ranar 16 ga Janairun 2015, da tarzoma ta ɓarke a garin nan na Damagaram har aka ƙona cibiyar al'adun Faransa da Nijar. Cikin waɗanda suka rasu akwai ɗan sanda. Ba a fagen daga ya faɗi ba, a titin da kuke bi kullum ne. Ni da za a ba ni zaɓi, kafin ƙarin albashi zan nemi a riƙa kammala takardun magada a nan Damagaram, a kuma ɗauki nauyin jinyar wanda ya ji rauni har ya warke.

Malam Sani: Baba, ai wannan ma kuɗi ne, sunansa kawai aka canza.

Hajiya Rakiya: A'a, Malam. Albashi yana tsayawa ranar da aka binne mutum, yara kuwa washegari za su nemi koko.