Tsiro a bututun matsarmama kafin ya zama sankara: abin da muka gani da idonmu

'Yar majinyaci, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifina ya yi kusan shekara guda yana fama da shawarar da ke zuwa tana tafiya. Idanunsa su yi ɗorawa, fitsarinsa ya yi duhu kamar baƙin shayi, zazzaɓi da rawar sanyi su kwantar da shi kwana uku, sannan komai ya lafa. Duk lokacin da ta sauka sai mu ce jiƙon da ake ba shi ne ya yi aiki, kuma har yau wannan zato yana ci mini rai. Sai da aka yi masa hoton MRI aka ga tsiro a cikin bututun da ke kai ruwan matsarmama daga hanta zuwa hanji. Likita ya ce tsiron yana fitar da majina mai kauri wadda ke toshe hanya, idan ta zame sai shawarar ta tafi. An yanke ɓangaren hagu na hantar tare da bututun, gwaji kuma ya nuna ƙwayoyin sun lalace sosai, amma ba su keta bangon bututun ba. Ko akwai wanda ya taɓa ganin irin wannan?

Malamar jinya, Zariya:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ƙanwata, kun tari abin da wuri. Irin nasa yana tasowa ne ya cika bututu, shi ya sa hoto ya kama shi. Akwai wani nau'in da ya fi tayar mini da hankali, wanda yake kwance a jikin bangon bututun, hoto ba ya nuna shi, sai an duba nama da madubin likita. Na yi jinyar wata baiwar Allah da aka yi wa tiyata saboda duwatsun da suka taru a bututun cikin hanta, a naman da aka cire ne aka tsinci wannan sauyin, alhali ba shi aka je nema ba. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya kasa irin wannan lalacewa gida biyu, mai sauƙi da mai tsanani, kuma mai tsananin ita ce ke dab da sankara. Tushen abin galibi kumburi ne da ya daɗe yana cin bututun, ko daga duwatsu, ko daga cutar da ke ƙanƙance bututun. Ciwon hanta nau'in B da ya yi yawa a wajenmu shi ma yana ƙara haɗarin.

Ɗalibi, Khon Kaen:
A nan arewa maso gabashin Tailan, tsutsar hanta ce ummul haba'isi. Ana ɗaukarta daga ɗanyen kifin kogi da ake daddatsawa a ci da lemon tsami da barkono, ta zauna a bututun shekara da shekaru. Maƙwabcina ya sha maganinta sau da dama, yana komawa cin kifin, yanzu kuma hoton ciki ya nuna bangon bututunsa ya yi kauri, ana bibiyarsa.

Uwar yarinya, Maraɗi:
Ɗiyata da kumburarren bututu aka haife ta. Na roƙi a zuƙe ruwan matsarmamar da ya taru a ciki kawai a ƙyale ta, likita ya ƙi, ya ce idan aka bar kumburin haɗarin sankara yana ƙaruwa da shekaru, dole a cire shi ɗungum a haɗa hanji da abin da ya rage.

'Yar majinyaci, Kano:
Na gode ƙwarai, Hajiya ta Maraɗi. Mu ma an gargaɗe mu cewa tsiron yana iya sake fitowa a wani wuri cikin bututun, don haka za a riƙa maimaita hoto da gwajin jini. Malama, Baba ya fara cewa ya warke, ba zai koma asibiti ba. Yaya kuke shawo kan dattijai irinsa?