Murya ce ta kashe kasuwar John Gilbert, ko dai an yi wa mutumin ƙage?

Ɗan Kallo: Salamu alaikum. Maganar da aka saba ji ita ce, da fim mai magana ya shigo Hollywood a 1927, manyan taurarin fim marar magana sun zube ne don muryoyinsu ba su da daɗin ji. Misalin kowa John Gilbert ne. Wai da aka ji muryarsa a His Glorious Night a 1929, siririya kamar ta mace, sai sinima ta ɓarke da dariya. Ni dai na yarda. Mutumin da kamfanin fim na MGM ke biya dala 250,000 a kan kowane fim, cikin 'yan shekaru ya zama ba a nemansa. In ba murya ba, mece ce?

Hajiya Mai Tarihi: Wa alaikumus salam. Dariya kam an yi ta, amma ba muryar aka yi wa ba, ƙanena. Nemi Downstairs na 1932 ko Queen Christina na 1933 ka kasa kunne. Muryar namiji ce, ba ta da kauri sosai, amma babu abin dariya a cikinta. Laifin na rubutun ne. An sa shi yana sumbatar mace yana ta nanata mata cewa yana sonta. A fim marar magana, in aka zo irin wannan wurin, kiɗa ne ke tafiya, kati ɗaya ya fito da rubutu, kowa ya ƙarasa sauran a ransa. Da aka furta kalmomin a fili ta lasifika, a gaban ɗaruruwan mutane cikin duhu, sai kunya ta kama 'yan kallo. Dariyar kunya ce.

Injiniyan Sauti: Ku ƙara da na'urar kanta. Makirufo na lokacin ba ya bin mutum, ɓoye shi ake yi a tukunyar fure ko a rataye shi sama, jarumi ya tsaya cik a kusa da shi. Ya juya kai kaɗan, magana ta nutse. Kyamara tana ƙara, don haka aka kulle ta da mai ɗaukar a wani akwati mai tagar gilashi, ba ta motsi. Fitilun da aka saba da su suna tsiyayar ƙara, aka koma masu ƙwai, ga zafi. Gilbert kuwa sana'arsa duka motsi ce: ya ruga, ya juya, ido na walƙiya, kamar yadda ya yi a The Big Parade a 1925. Aka dasa shi wuri ɗaya aka ce ya furta kowane harafi dalla-dalla kamar mai karatun allo, don na'urar ta kama. Wa zai yi kyau a haka?

Mai Majigi: Kuma abin da ɗan kallo ya ji ba lallai shi aka ɗauka ba. Tsarin sauti na Vitaphone na kamfanin Warner, wanda aka yi The Jazz Singer da shi, faifai ne daban da zaren fim. Faifan inci 16, yana juyi 33 da sulusi a minti, allura na farawa daga ciki ta yo waje. Kowane naɗin fim, ƙafa dubu ko kusa, minti 11, da nasa faifan. Sai ka saita hoton farko a ƙofar majigi, ka ɗora allura daidai kan alamar, ka tayar da su tare. Zare ya tsinke ka yanke hoto shida, dole ka liƙa baƙin zare mai hoto shida, in ba haka ba baki da magana sun rabu har ƙarshen naɗin. Allura ta yi tsalle, shi ke nan, mace na motsa baki muryar namiji na fita. Faifan ma bayan nunawa kamar ashirin ya cinye. Dalilin da ya sa aka kafe gudu a hoto 24 cikin sakan ke nan: in injin ya kai 25 ko 26, kowace murya ta hau sama.

Ɗan Kallo: To ai kun kawo ni gida. An ce Louis B. Mayer, shugaban MGM, ne ya sa injiniyoyi suka rage kaurin muryar Gilbert da gangan, saboda ba ya ga maciji da shi.

Hajiya Mai Tarihi: Rashin jituwar gaskiya ce, kwantiragin Gilbert ma daga uwar kamfanin, Loew's, a New York aka ƙulla shi. Amma zancen taɓa na'ura jita-jita ce, babu wata shaida da ta tabbatar da shi.

Malam Na Gefe: Hajiya, kada kuma mu wanke murya tas. Akwai waɗanda ita ɗin ce ta tsayar da su. Raymond Griffith gwanin barkwanci ne, amma maƙogwaronsa ya lalace, magana sai raɗa. Fitowarsa ta ƙarshe a All Quiet on the Western Front ce a 1930, sojan Faransa mai mutuwa a rami, bai ce uffan ba, daga nan ya koma furodusa. Emil Jannings shi ya fara cin Oscar na jarumi a 1929, amma Turancinsa da nauyin Jamusanci, ya koma Jamus. Ga Vilma Banky da Ronald Colman: tare suke fitowa masoya a finafinan furodusa Samuel Goldwyn. Ita 'yar Hungary ce, harshe ya kayar da ita. Shi Bature ɗan Ingila da ya fito daga dandamali, Bulldog Drummond na 1929 ma ƙara ɗaga shi ya yi.

Injiniyan Sauti: Wannan karin harshe ne, Malam, ba munin murya ba. Shi ma ana iya yi masa dabara in kamfani ya so. Greta Garbo da nauyin harshen Sweden take magana. MGM suka riƙe ta a fim marar magana har ƙarshen 1929, sannan suka ba ta Anna Christie a 1930, inda yarinyar labarin ita ma 'yar asalin Sweden ce. Karin harshen ya zama ado. Haƙurin da aka yi da ita ba a yi da Gilbert ba.

Hajiya Mai Tarihi: Sai batun kuɗi. His Glorious Night ya fito ne gab da faɗuwar kasuwar hannun jari a Oktoban 1929. Kamfanoni suka shiga ɗauko 'yan wasan dandamalin New York a kan albashi kaɗan, irin su James Cagney da Bette Davis. Sha'awar 'yan kallo ma ta juya: a 1931 Little Caesar da The Public Enemy ake rububi, magana da sauri, harshen titi. A MGM kuma Clark Gable ya taso, namiji mai kaushi. Masoyi mai kakin hafsa da daɗin baki ya zama tsohon yayi, ga shi da tsada.

Ɗan Kallo: Na ji, amma da muryar tasa ta yi kaurin ta Gable, da ba a yi dariyar ba tun farko.

Mai Majigi: Wataƙila. Amma Garbo ta fi mu sanin muryar. Laurence Olivier aka fara ɗauka ya fito tare da ita a Queen Christina, mutumin dandamali da ba a kushe masa furuci, ita ta nace aka sauya shi da Gilbert. Fim ɗaya Gilbert ya ƙara yi bayan wannan, a 1934, ga giya ta ci jikinsa. Bugun zuciya ya kashe shi a Janairun 1936, yana da shekara 38.