Buhu nawa za a mayar wa babana? Ku duba mini lissafin luwa normal

Ɗan Adar, Tawa

Assalamu alaikum. Ina shekara ta biyu a jami'a nan Tawa, kwanan nan muka shiga darasin luwa normal (loi normale), wato lissafin yadda awo ke taruwa kusa da matsakaici, yana raguwa hagu da dama. Babana yana sayen albasa a Galmi yana sayar wa wani mutum da ke kai ta Abijan. Bana mutumin ya ce duk buhun da bai kai kilo 105 ba, ba zai karɓa a cikakken farashi ba. Buhu 300 za mu loda.

Ranar Asabar na aro sikeli, ni da ƙanena muka auna buhu 60, ina rubutawa a bayan kayen makaranta. Matsakaicin nauyi ya fito kilo 110, ekar-tif (écart-type), wato gwargwadon yadda nauyin buhunan ke nisa da matsakaicin, kuma kilo 4. Na cire 110 daga 105, na raba da 4, na samu z = -1,25 (z shi ne nisan 105 daga matsakaici in an ƙirga da ekar-tif). To jadawalin luwa normal da aka raba mana ba shi da lamba mai alamar ragi. Na duba 1,25 na ga 0,8944, sai na ce wa baba kusan buhu 89 cikin 100 ba za su kai ba. Ya dube ni ya ce shekara talatin yana wannan sana'a, hannunsa kawai ya isa ya gaya masa ba haka ba ne. Ni ma zuciyata ba ta kwanta ba, don a cikin sittin ɗin bakwai kaɗai na gani ƙasa da 105. Ina na kauce? Motar ranar Alhamis za ta zo.

Malamar lissafi, Yamai

Wa alaikumus salam ɗana. Babanka ne da gaskiya, amma z ɗinka daidai yake, karatun jadawalin ne ya kuɓuce maka.

Ɗauki takarda ka zana lanƙwasar luwa normal, kamar malafa ce aka kife: tsakiyarta 110, gefe biyu suna sauka daidai wa daida. Lambar da ke cikin jadawali tana nuna rabon duk abin da ke hagun z. Saboda haka 0,8944 na buhunan da ba su wuce kilo 115 ba ne, wato 110 da ƙarin 5. Abin da ya rage a dama da 115 shi ne 1 - 0,8944 = 0,1056. Tunda gefen biyu tagwaye ne, jelar da ke ƙasa da 105 ita ma 0,1056 ce. Shi ya sa ba a wahalar da kai wajen buga lambobin ragi a jadawalin.

Ninka 0,1056 sau 300, ka samu wajen buhu 32. Duba kuma bakwai ɗinka cikin sittin, kusan kashi 12 cikin ɗari ke nan, sun yi kusa da lissafin.

Ina roƙonka, kada ka ƙara buɗe jadawali ba ka yi zane ba. Shekaru ina gyaran takardu, mafi yawan makin da yara ke zubarwa a wannan darasi a nan yake zuba. Ka riƙe ma'auni uku a ka: kusan kashi 68 cikin ɗari suna tsakanin ekar-tif ɗaya hagu da dama, 95 tsakanin biyu, 99,7 tsakanin uku. Da ka tuna wannan, da ka gane nan take cewa abin da ke ƙasa da matsakaici ba zai taɓa wuce rabi ba, balle 89.

Ka kula da rubutun malaminku kuma: wani littafi yana sa ekar-tif a gurbi na biyu, N(110, 4), wani yana sa bariyans, wato ekar-tif sau kansa, N(110, 16).

Tsohon ma'auni, Madawa

Malama ta gama magana ta fuskar lissafi. Ni tambaya gare ni, yaro: sittin ɗin nan daga ina ka ɗebo su? In na bakin rumfa ne kawai, ko na manomi guda, ba su wakilci ɗari ukun ba. In kuma mutum biyu ke cika buhu, ɗaya mai nauyin hannu ɗaya mai tsantseni, za ka ga tudu biyu maimakon ɗaya, kuma luwa normal ba za ta faɗa maka gaskiya ba. Jera nauyin a rukuni na kilo bibbiyu ka ga siffarsu tukuna.

Sannan albasa tana shan iska. Abin da ka auna Asabar ba shi za ka tarar Alhamis ba. Ku yi magana da mai saye tun yanzu, a ina za a auna, Galmi ko can.

Ɗan Adar, Tawa

Na gode Malama, na gode Baba. Na yi zanen, na gani da idona. Buhunan daga rumfa uku na ɗebo, na jera su kuma tudu ɗaya ne, sai dai ya ɗan karkata hagu. A Galmi za a auna. Yanzu me ya fi, mu ƙara albasa a kowane buhu?

Malamar lissafi, Yamai

Lissafa duka biyun ka kai wa babanka. In kuna son buhun da zai gaza kada ya wuce 2,5 cikin ɗari, ekar-tif yana nan a 4, dole matsakaici ya hau 105 + 1,96 × 4, wato kusan kilo 113 (1,96 shi ne z ɗin da ke barin 2,5 cikin ɗari a jela). Kilo 3 sau 300, albasa kilo 900 ke nan kuka ba da kyauta, fiye da buhu takwas.

In kuwa kuka ajiye sikelin kusa da masu cikawa har ekar-tif ya sauko kilo 2, matsakaici yana 110, z ya koma -2,5. Jadawali ya ba da 0,9938, saura 0,0062, buhu biyu kacal cikin 300. Albasar da ke cikin manyan buhuna ita za ta cike ƙananan. In kana da Excel na Faransanci, rubuta =LOI.NORMALE.N(105;110;2;VRAI) ka tabbatar, sannan ka mai da 2 ɗin 4 ka ga 0,1056 ɗinmu.

Ɗan Adar, Tawa

Na nuna wa baba takardar bayan sallar isha'i. Ya ce a riƙe sikelin har Laraba, gobe da asuba mu fara sake auna su ɗaya bayan ɗaya. Allah ya saka da alheri.