Neman kalma: "superior courts of record" da Hausa

Malamin Gari: Salamu alaikum. Dagacinmu a nan ƙasar Ringim ya ɗora mini bayani ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar gidansa, kan yadda kotunan ƙasar nan suke hawa-hawa. Rigimar gona da ta gado sun yi yawa bana, kuma mutane ba su san inda za su dosa ba idan hukunci bai yi musu ba. Kotun Ƙoli, Kotun Ɗaukaka Ƙara, Babbar Kotu, duk suna da suna. Inda na cije shi ne abin da sashe na 6 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kira "superior courts of record". Kafin daren Juma'a nake son gama rubutu.

Ɗan Gumel: Manyan kotuna. Shi ke nan.

Malamin Gari: Na yi tunaninsa, amma za a ɗauka jam'in Babbar Kotu nake nufi.

Uwar Marayu: Kotuna masu kundi?

Tsohon Rijistara: A'a Hajiya. Wace kotu ce ba ta da kundi? Tun zamanin En'e alƙali yake da littafin shari'a, muhuti na rubutawa. In ka ce wa manomi waccan mai kundi ce, ka gaya masa ke nan alƙalin garinsu da ka yake yanke hukunci.

Lauyan Dutse: Gaskiyar Baba ce, ba rubutun ne ya raba su ba. Su waɗannan tsarin mulki ne ya jero su da sunansu: Kotun Ƙoli, Kotun Ɗaukaka Ƙara, Babbar Kotun Tarayya, manyan kotunan jihohi da ta Abuja, kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci da na al'ada, sai Kotun Ma'aikata da gyaran 2010 ya shigar. Majalisar jiha ba ta isa ta soke Babbar Kotun jiharta ba. Kotun majistare da kotun shari'a ta gari kuwa dokar jiha ce ta haife su, ita ce kuma ke iya sauya su, kamar yadda Kano da Jigawa suka mayar da kotunan yanki kotunan shari'ar Musulunci a 2000. Naɗi ma daban. Jojin Babbar Kotu gwamna ke naɗa shi, amma sai da shawarar majalisar shari'a ta ƙasa, NJC, kuma sai ya shekara 10 da zama lauya. Majistare da alƙalin gari, hukumar ma'aikatan shari'a ta jiha ce ke ɗaukarsu, ita ke sallamarsu.

Ɗan Gumel: To kotunan tsarin mulki mana.

Bamaigatare: Kada ka soma. Mu nan bakin iyaka, duk mai jin rediyo in ka ce kotun tsarin mulki, ta Nijar zai tuna, wadda a da take duba sakamakon zaɓe. Najeriya ba ta da kotu ta musamman irin wannan.

Malamin Hausa: Na karanta duka. Kalmar tana gabanku kun tsallake ta. Barista ya ce ba a iya soke su, wato sun tabbata. KOTUNA MATABBATA. Tilo: kotu matabbaciya. Ma- a gaba, kamar mazauna, mahukunta. Ginin Hausa tsantsa.

Uwar Marayu: Malam, tsofaffin ƙofar dagaci in suka ji matabbata, lahira za su tuna. Wani zai ce an ɗaga masa shari'ar gonarsa sai can.

Malamin Hausa: Ku yi dariya. Haka aka yi wa kowace sabuwar kalma kafin ta zauna. Ni da son samu ne ma mu jefar da "kotu" da "joji", aro ne daga Turanci. Muna da alƙali, muna da zauren shari'a.

Ɗan Gumel: Allah gafarta Malam, alƙali da shari'a daga wace unguwa ta Kano suka fito? Larabci ne.

Malamin Hausa: Aron da ya yi ƙarnuka a gida ba ɗaya yake da na jiya ba.

Tsohon Rijistara: Tunda an taɓo joji da alƙali, bari in faɗi abin da ke raina. Mu ne da bakinmu muke ce wa mai hular gashi Mai Shari'a, na ƙauye kuma "ai alƙali ne kawai". Alhali shi ke raba gado, shi ke sauraron rigimar aure, shi talaka ya sani. Yanzu in Malam ya tsaya gaban jama'a ya ce waɗancan manya, me ya mayar da wannan? Ƙaramar kotu? Ban yarda ba.

Lauyan Dutse: Baba, ba raini ba ne, matakala ce. Kuma alƙalanku suna cikin jerin. Daga kotun shari'a ta gari a je babbar kotun shari'a, daga nan, in maganar aure ce ko gado ko wasiyya ko waƙafi, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda Giran Kadi ke shugabanta. Ita tana cikin na sashe na 6. Ko a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, dole a samu aƙalla mutum 3 masana wannan fanni na shari'ar Musulunci.

Tsohon Rijistara: Kun ji ko? Giran Kadi. Muna da Alƙalin Alƙalai tun kafin zuwan Bature, aka ɗauke sunan aka ba na Abuja, namu aka bar shi da na aro.

Malamin Hausa: Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu!

Bamaigatare: An bar mai tambaya a rana fa.

Malamin Gari: Na gode, Allah ya saka. Ga abin da zan rubuta: "manyan kotuna, wato waɗanda tsarin mulki ya ambata da suna". Sau ɗaya zan yi bayanin, daga nan in ci gaba da manyan kotuna. Sauran zan kira su kotunan matakin farko, saboda Baba.

Lauyan Dutse: Babbar Kotu ma ana fara shari'a a cikinta, ka sani. Amma don ƙofar dagaci, ya wadatar.

Tsohon Rijistara: Ya fi ƙanana dai.

Malamin Hausa: Wannan ai jimla ce, ba kalma ba. Ka sa matabbata ko sau ɗaya, ka ga ko wani zai mutu.

Malamin Gari: Zan gwada ta a kan dagaci ranar Juma'a. In bai yi salati ba, zan sa.